Burodin da Ke Cikin Kunu

Barakatu na zaune bakin murhu tana jujjuya ƙwayar magani a tafin hannunta, ta kasa kaiwa baki. Wata uku ke nan da likita ya gaya mata cikinta ba ya ɗaukar alkama ko ƙanƙani. Ta bar burodi, ta bar taliya da alkaki, har ta fara murmurewa. Amma tun da aka rubuta mata ƙwayoyin ƙarin jini sai gudawa da kumburin ciki suka dawo, ta rame kamar sillen kara.

Hajiya Suwaibatu, uwar mijinta, ba ta yarda da zancen ba. A zamanin da kuɗin mai suka sa burodi ya cika tashar Mairuwa, a ce wai ga wadda alkama ke kayarwa? Tsirfa ce kawai. Ta kira ɗanta Harisu ta yanke magana: in kaka ta yi yarinyar ba ta miƙe ba, a mai da ta Sheme ta yi jinya gidan ubanta. Kowa kuwa ya san irin wannan jinya ba a dawowa daga ita.

Harisu, bawan Allah, yana son matarsa har cikin ransa, ga shi ba ya iya ɗaga ido ya musa wa uwarsa. Shi dai ƙwayar ya zarga. Ya hau babur da gwangwanin maganin sai Ƙanƙara, wajen Malam Abdulƙarim disfensa, mai ba da magani a asibiti. Malam ya ce ya yi dabara da ya tambaya, domin da sitaci ake ɗaure wasu ƙwayoyi, wani na masara wani na alkama, ido kuma ba ya rabewa. Takardar gwangwanin ba ta faɗa ba, sai Malam ya rubuta wasiƙa ga kamfanin da ya yi maganin. Sati huɗu Harisu na sintiri, dawa na ta nuna a gona, kafin amsa ta iso: na masara ne, ba laifi.

"To da mi take shan shi?" in ji Malam.

Harisu ya koma gida da wannan tambaya. Washegari bai fita gona ba. Yana tsaye bakin zaure ya ga Hajiya ta marmasa burodi cikin kunun Barakatu, tana damawa har ya ɓace.

"Hajiya, mi kika sa ciki?"

"Burodi mana. Maganin Bature ai sai da abincin Bature. Na ga tana ƙi, shi ya sa nake ɓoye mata. So kake ƙwaya ta cinye mata hanji?"

Ya durƙusa ya yi mata bayani a hankali, ya karanta mata wasiƙar. Hajiya ta tashi ta ɗauki ƙwaryar kunun ta juye wa awaki. Hawaye na zuba ta ce, "Ashe ni ce ciwon ɗiyar mutane."

Barakatu ta fito ta riƙe mata hannu, ta ce wanda ke tashi kullum ya dama maka kunu ba maƙiyinka ba ne.

Kaka ta yi, Barakatu ta miƙe, an kuwa je Sheme. Hajiya da kanta ta raka ta, ta nemi gafarar iyayenta, kafin la'asar ta kamo hannun surukarta suka dawo gida. Jama'a, haƙuri da tambaya su suka riƙe auren nan, da Harisu ya yi gaggawa da ya rasa matarsa a kan gutsuren burodi.