Igiya a Hannun Uwani

Magariba ta kawo jiki a Horo Birni, Uwani na kwashe tuwo, sai ga curin ɗanyar laka ya faɗo tsakar gida ya tarwatsa tukunya. Na biyu ya sami mijinta Ladan a goshi, jini ya ɓalle. Rani ne, ƙasa ta bushe ƙamas. Babu inda ake samun laka sai ƙasan tafki.

Ladan masunci ne mai nutso. Sana'ar kuwa ta mutum biyu ce: ɗaya ya nutsa da igiya a ƙugu, ɗaya ya riƙe a sama, in ta daina motsi ya jawo. Amma tun da Nasara suka ɗauke abokinsa Ummaru zuwa aikin tilas na hanyar mota, Ladan shi kaɗai yake shiga.

Can sai ɗiyarsu Shatu ta zube. Ruwan tafki, har da gansakuka, ya rinƙa bulbulowa ta hancinta, tana shure-shure, tana nutsewa a busasshiyar ƙasa. Ladan ya tallabo ta, ta maka shi da bango.

Uwani ta ruga ta kirawo Malami, mai karatun aljanu. Ya daɗe yana tofi kafin wata kakkaurar murya ta fito daga bakin yarinyar.

"Tambayi wanga abin da ya yi jiya. Numfashi nai ya ƙare can ƙasa, babu kowa bisa. Ɗana ya ji tausai ya turo shi sama. Shi ko ya farka ya soka mai mashi ga ido!"

"Na zaci kada ne," in ji Ladan.

"Kada ke ceton mutum? Numfashin da anka ba ka, shi za ni amsa wurin ɗiyarka."

Malami ya daka tsawa: "Ji tsoron Allah! Yarinya ba ta soki kowa ba."

Leɓɓan Shatu sun fara baƙi. Ladan ya miƙa mata hannun dama.

"Ga hannun da ya yi suka."

Ta cafke, ta murɗa. Ƙashi ya ce ƙas.

Muryar ta ce: "In ka koma shiga ba mai tsaro, ba mu turo ka. Mun gaji da yi muku gadi."

Shatu ta yi atishawa, ta ja numfashi mai tsawo.

Hannu ya warke a karkace, Ummaru bai dawo ba. Ranar da Ladan ya koma tafki, Uwani riƙe da igiyarsa, masunta suka yi ta shewa: "Kai, Ladan! Mace da igiyar nutso?"

Uwani ba ta ko waiwaya ba. Idonta na kan igiya.