Ƙwan da Aka Yi wa Allura

Ranar kasuwar Bunkure Musbahu ya tsaya gaban ƙwaryar ƙwan Sa'ida, yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana haska su da fitilar waya. Ita da ba ta iya haɗa ido da baƙo, sai ta ji bakinta ya suɓuce.

"Malam, me ka ajiye a ciki?"

Ya yi dariya. Ya ce shi ɗalibin likitan dabbobi ne, masu ɗa a ciki yake nema. Yana yi musu allurar barci irin ta tiyata, don ya ga ko tana raunana sojojin jinin ɗan tsako, masu yaƙar cuta.

"To tana raunana su?"

"Ban sani ba tukuna. Shi ya sa nake dubawa."

Tambaya ta ja tambaya, har ta kai shi zance ƙofar gidan su Sa'ida. Ya sa mata suna Sarauniyar Tambaya. Da ta nace sai ta ga ko irin wannan ƙwan yana ƙyanƙyashewa, ya kawo mata guda, da jan rubutu a jikinsa da 'yar huda da aka toshe da kaki. Ta sa wa kazarta mai kwanci.

Baballe dillalin tumatir, wanda ya daɗe yana sonta, shi ya kai wa mahaifinta Malam Uba gulma. Tsohon ya ɗaga kaza, ya ga ƙwai da rubutu.

"Asiri a gidana? Kada na sake ganin yaron nan!"

Sa'ida ta share hawaye ta tura wa Musbahu saƙo: "Baba ya ce asiri ka yi min. Zai fasa ƙwan. Ka zo da fitilarka."

Amsa ta shigo: "Ga ni nan, Sarauniyata. Ki roƙe shi ya jira ni."

Da hantsi Musbahu ya durƙusa a zaure, ya nemi a saki labule. Ya kafa fitila a gindin ƙwan. Ga jajayen jijiyoyi kamar rassan kanal na ban-ruwa, ga wani abu yana motsi.

Malam Uba ya matso. "Ikon Allah! Rai ne wannan?"

"Rai ne, Baba. Rubutun lambarsa ce kawai. Akan yi wa mai ciki tiyata, muna son sanin abin da maganin ke yi wa ɗan da ba a haifa ba."

Tsohon ya sake duban ƙwan. Ya tuna da tiyata aka ciro Sa'ida daga cikin mahaifiyarta.

"Mayar wa kaza kada ya huce," ya ce. "Sannan ka turo manyanka."

Bayan an yanke shinkafa aka ɗaura aure. Cikin kayan amarya har da budurwar kaza mai tsiwa da ta fito daga ƙwan nan, wadda Malam Uba ya riƙo da hannunsa har mota.

"Allah ya yi muku albarka," ya ce. "Kai kuma in ka gano amsar nan, ni za ka fara gaya wa."