Kwandon Awaki

"Sheri, don Allah ki bar wa awakin nan rabonsu! Kallon da akuyar can ke miki, wallahi da tana magana da tuni ta kai ƙararki wurin mai gari."

Firdausi, wadda mijinta ke kira Sheri don soyayya, ta yi dariya ba ta ko ɗago ba. Tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno, ta juye kwando a kan tabarma tana tsinta. Mijinta Al'amin mai lambu ne a bakin tafkin Madarunfa, kuma duk ranar da ya dawo daga kasuwa sai an sami abin da bai shiga ba: tumatirin da ya fashe, shu, wato kabeji, da ganyensa na waje ya yi yaushi, karas ɗin da ya karye, da lawashin albasa da masu saye ke yankewa su bar masa. Tun yana gwauro, a kwando guda yake tara su ya zube wa awaki. Da amarya ta tare, sai awaki suka ga canjin gwamnati.

"Dubi wanga tumatir," in ji ta, tana ɗaga masa shi. "Mi ya same shi? Gehe guda ne ya hwashe. Mu da ba mu da firigo na sanyaya kaya, ai rana ita ce firigonmu."

"Amma ga mai kyau can na kawo miki, har da kihi!"

"Na gani, Allah ya ƙara buɗi. Wancan zai jira gobe, wanga ba ya jira."

Haka take. Ta yanke inda ya lalace ta jefa wa awaki, mai laushi ya shiga miya, sauran ta tsaga ta shanya ya zama kauɗa. Lawashi ta daka ta dunƙula gabu. Ganyen shu kuwa ta dafa ta matse, ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli da yaji, Al'amin ya ci har ya manta da ƙorafin da ya shigo da shi. Suna son juna, rumbunsu cike, babu abin da ya dame su.

Wata rana da hantsi, Al'amin yana lambu, sai ga sallama. Gwaggo Balaraba ce, yayar mahaifin Firdausi, ta taso daga Gabi ba tare da ta aiko ba. Ita ta riƙe yarinyar tun rasuwar mahaifiyarta, kuma mace ce mai zuciyar kirki, sai dai idonta ya fi kunnenta sauri. Abin da ta tarar kuwa shi ne Firdausi durƙushe a bakin garke, ta riƙe ganyen shu ta gefe guda, akuya ta riƙe ta ɗaya gefen, kowa na ja.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Gwaggo ta saki ƙullin da ke hannunta. "Ɗiyata! Ke da akuya kuke kokawar abinci?"

"Lale Gwaggo! A'a, ba haka ba ne, ita ce ta sace mini daga..."

"Yi shiru! Rihin asiri kike mishi? Wanga kwandon na wa ne?"

"Na awaki ne, amma..."

"Na awaki! Ta hwaɗa da bakinta!"

Firdausi ta yi rantsuwa, ta nemi jan ta zuwa rumbu ta gani, ta ce ga kifi a tukunya. Gwaggo ta ƙi motsi, ta ƙi ko shan ruwa. Ta share hawaye da bakin gyale ta ce gani ya kori ji, ta fita ta tari kabu-kabu.

Washegari aka aiko cewa Malam Tanko, mahaifin Firdausi, yana son ganin 'yarsa maza-maza. Al'amin da kansa ya ɗauke ta a moto, wato babur, duk sun ɗauka tsohon ba shi da lafiya. Suna isa aka shigar da ita ciki, shi kuma aka bar shi tsaye a zaure. Malam Tanko ya fito fuska a murtuke, bai amsa gaisuwarsa ba.

"Amana na ba ka, ba baiwa ba. Wanda ya kasa ci da mace bai isa ya aje ta ba. Tahi abinka. Ran da ka ji na kira ka, ka zo da takardarta."

"Baba, don girman Allah ka saurare ni..."

Ina! Tsoho ya riga ya juya. Al'amin ya hau moto ya kasa tayar da ita, sai turawa ya yi har bakin hanya, idanunsa sun yi ja.

A ciki Firdausi ta faɗi gaban mahaifinta tana kuka. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka Uwata yake ce mata, kuma duk cikin 'ya'yansa babu wadda yake ji da ita kamarta.

"Baba, wallahi ban taɓa kwana da yunwa ba a gidanshi!"

"Na san ki da kunya, Uwata. Ko wuta kike ciki ba ki hwaɗi. Ba ki komawa."

Al'amin ya aiko da buhun shinkafa, aka mayar masa, aka ce yanzu ya tuna. Ya turo manya, aka sallame su da ruwan sanyi. Magana ta bazu har bakin tafki, mutanen da ke sayen kayansa suka fara yi masa wani irin kallo. Ya kira ta a salula.

"Sheri, an gama da ni a garin ga. Ki bari in kai maganar gaban alƙali, a zo a buɗe rumbuna kowa ya gani!"

"Ka kai ubana gaban alƙali? To ko ka ci nasara, da wane ido za ni dube shi? Pardon, ka yi haƙuri. Ni na ja maka, amma kar ka rubuta komi, kar kuma ka yi mishi tsaurin ido."

"In ya kira ni hwa?"

Ta kashe salular ta kifa kanta a gwiwa, tsoro ya kama ta, don ta san mahaifinta ba ya magana biyu.

Shi kuwa Malam Tanko sai ya ɗaura ɗamarar ƙiwata 'yarsa. Kullum nama, kullum kayan miya niƙi-niƙi, fiye da abin da tukunya za ta ɗauka. Gwaggo ta yi amfani da rabi, saura ya kwana ya yi yaushi, ta tattara a tsohuwar ƙwarya ta kai bayan gida kusa da juji. Firdausi ta daure, ta kau da kai, ta sake daurewa. Amma hali zanen dutse. Wata safiya ta leƙa ta ga ɓarin kabewa lafiyayye, da yakuwa, da tattasai masu ɗan tabo, duk an ajiye wa kaji. Kafin ta ankara ta tsuguna tana zaɓa a bakin zaninta. Ba ta lura da Ladi maƙwabciya ba, wadda ta miƙo wuya ta kan darni ta kalla son ranta.

Ran nan Malam Tanko ya ci tuwo da miyar taushe har ya nemi ƙari. Da aka sallame sallar La'asar, amininsa Ɗanladi ya jawo shi gefen masallaci, ya rage murya.

"Malam, ashe abin ya kai haka ba ka hwaɗa mini ba? Haba! Ai ni da kai ɗaya ne."

"Wane abu?"

"Babu kunya ga rashi, bana kowa ya taɓu. Na sa an kai maka dami biyu na hatsi, suna nan zaure. Kar ka ce komi. Dai yarinyar nan ta daina hita juji, Ladi maƙwabciyarku ta gan ta da idonta, mata na ta magana."

Malam Tanko, mutumin da rumbunansa suka sa ake nuna gidansa da yatsa a Gabi, ya tsaya baki buɗe. Ya waiga, sai ya ga dattawa biyu suna dubansa da tausayi, ɗaya har yana girgiza kai. Bai san lokacin da ya iso gida ba. Ga damman hatsi kuwa a jingine a zaure, sadaka har gida!

"Uwata! Yaya! Ku hito!"

Suka fito a firgice. Ya tsaya a tsakar gida ya dubi 'yarsa.

"Ke kinka tahi juji tsintar kayan miya?"

"Ni ce, Baba. Ba cikin juji ba, a ƙwarya suke. Su ne miyar da ka ci ɗazu."

"Kin tozarta ni! Yau ni Tanko aka kawo wa sadakar hatsi! Hwaɗa mini, ni na bar ki da yunwa a gidan ga?"

"A'a, Baba."

"Na rage ki da wani abu?"

"Ko kaɗan."

"To don mi?"

Ta durƙusa, hawaye na zuba, ta ce a hankali, "Baba, shi ma bai bar ni da yunwa ba."

Malam Tanko ya sunkuyar da kai. Jiki magayi, in ji masu iya magana.

"Ba ni iya ganin abinci na lalacewa, Baba," ta ci gaba. "Haka na tashi na ga Inna, Allah ya jiƙanta, na yi. Ta ce abin da aka yi wa ban ruwa da gumi, ba a zubar da shi don ya yi tabo."

Tsoho ya juya wajen yayarsa. "Yaya, ran da kinka je, kin buɗe rumbunshi?"

"Ban buɗe ba. Amma ai da idona na gani!"

"Ladi ma da idonta ta gani."

Gwaggo ta zauna daɓas a bakin turmi, ta rufe fuska da gyale. "Wayyo ni Balaraba! Na kusa kashe auren ɗiyata da hannuna!"

Kiran da Al'amin ya daɗe yana tsoro ya iske shi a lambu washegari. Ya iso Gabi ba takarda a aljihu, ya cire takalmi tun daga nesa ya tsuguna a ƙasa.

"Baba, ka gahwarce ni, ban rubuta ba. Ko za ka tsine mini, hannuna ba ya iyawa."

"Taso ka hau tabarma, ɗana."

Al'amin ya ɗago, bai yarda da kunnensa ba.

"Ni na ke neman gahwara. Na ci mutuncinka ban bincika ba. Wuni guda aka yi mini abin da na yi maka, na kasa barci. Kai kuwa ka shanye, ba ka ɗaga mini murya ba. Gobe Juma'a ni da kaina zan zo Madarunfa in hwaɗi gaskiya gaban jama'a. Ɗauki matarka, Allah ya yi muku albarka."

Wata irin ajiyar zuciya ta ƙwace wa Al'amin, ya sunkuyar da kai hawaye na ɗiga a kan tabarma. Firdausi da ke laɓe a bayan ƙofa ta zame ta zauna tana dariya tana kuka, sai alhamdulillahi take maimaitawa. Gwaggo ce ta ɗaga ta, ta yafa mata gyale, ta rako ta har bakin moto tana ta ba ango haƙuri.

To 'yan'uwa, tattali ba talauci ba ne, kuma mace mai hana abinci lalacewa arziki ce a gida. Ido yana gani, amma ba ya tambaya, don haka a bincika kafin a yanke hukunci. Da Al'amin ya biye wa zuciya, da ya ci shari'a ya rasa suruki, wataƙila har da mata. Haƙurin da suka yi shi ya mayar da su gida ɗaya.

Sun bar Gabi da ɗan nisa Al'amin ya rage gudu, ya ce ba tare da ya waiwayo ba, "Sheri, da ya dage sai na rubuta hwa?"

Ta ƙara riƙe rigarsa gam. "Ja mu tahi gida, don Allah. Tun da na baro shi ban ƙoshi ba."