Saifar Saifullahi

A kan gadon asibiti Khairiyya ta fara ganin Saifullahi. Mota ce ta buge babur ɗinsa a hanyar Kalambaina, cinyarsa ta karye. Gumi yake yi, jikinsa sanyi ƙalau, amma bakin bai mutu ba.

"Likita, lahiyata lau. A ɗaure min ƙahwa in tai gida."

Ita ce mai ɗaukar hoton ciki. Ta duba hoton, ba ta ga rauni a cikinsa ba, sai dai saifarsa ta tsuke ta zama 'yar mitsitsiya.

"Ba inda za ka," in ji ta. "Jini ka zuba cikin cinyarka. Saifarka har ta matse wanda ta aje ta ba jiki."

Aka ruga da shi tiyata, aka ƙara masa jini. Bayan mako guda ta sake ɗaukar hoton, saifa ta koma yadda take. Shi kuwa zuciyarsa ce ta ƙi komawa.

Ranar da aka sallame shi ya turo saƙo: "Likitata, saifa ta warke. Saifullahi ne bai warke ba."

Ta yi dariya ita kaɗai, ta amsa: "Wanga ciwo sai ka ga Baba."

Wata shida suna tare, kowa ya san tana sonsa. Mahaifinta, Malam Maccido na Ƙofar Atiku, ya aiki ƙanensa Jibrin bincike. Jibrin ya dawo da labarin maƙwabta: yaro na da hali da asali, amma an ce saifarsa ta shanye.

"Ba ni ba ɗiyata ga mai ciwon ciki," in ji Malam. "Gobe a bar min ita da takaba."

Khairiyya ta yi kuka sosai. Hotunan na asibiti, amma sirrin majinyaci ne, ba ta da ikon nunawa. Ta rubuta wa Saifullahi: "Masoyi, maganar da ni hwaɗi ran nan ita ta ka shirin raba mu."

Washegari da hantsi Saifullahi ya karɓo hotunansa biyu, ya durƙusa a zauren Malam. Aka kira Khairiyya, ta nuna hotunan ta ce:

"Baba, wanga na ranar haɗari ne, wanga kau bayan mako guda. Ba ciwo ba ne. In jini ya zuba da yawa, saifa kan tsuke ta taimaki jiki, in an samu jini ta koma."

Malam ya ɗaga hotunan sama, ya daɗe yana kallo, ɗaya ma a juye ya riƙe shi. Sannan ya dubi ƙanensa.

"Jibrin, bincikenka ya tsaya ga maƙwabta. Nata ya kai har cikin cikinai. Je ka ce su turo magabata."

Bayan Sallar layya aka ɗaura auren. Malam da kansa ya yi addu'a, ya roƙa musu lafiya sau uku kafin ya ambaci zuri'a. Jama'a suka shafa da amin.