Baƙin da Na Kira a Kan Dutse

Ranar Asabar ɗin ƙarshe ta Oktoba na bar gidana a Cheetham Hill da hantsi, na nufi Handsworth in ɗauko Baba a gidan Yaya Sa'adiya. Tun kafin in hau babban titi raina a ɓace yake. Mako mai kamawa za a rufe hanyar dajin da muke bi.

Hanya ce ta tsakuwa, mil biyar, a wani gandun daji cikin tsaunukan Wales. Mota na kai mutum har wurin ajiye motoci na sama, daga nan tafiyar minti arba'in a ƙafa sai ga ka a ƙoƙuwar dutse. Baba shekararsa saba'in da huɗu, gwiwa ɗaya ta ƙi shi. Minti arba'in yana iyawa da sanda. Mil biyar kuwa ko a mafarki.

Shekara talatin ya yi yana aikin gandun daji a Falgore. Bayan rasuwar Inna muka kawo shi ƙasar nan, muka ajiye shi a ɗaki mai taga ɗaya da ke kallon bangon maƙwabta. Mutumin da ya san kowace bishiya da sunanta ya koma ƙirga bas-bas ɗin da ke wucewa. Ya daina hira. Sai ranar da na fara kai shi dutsen nan na sake jin dariyarsa, tun daga nan kuma duk wata muke zuwa.

Kwanakin baya na je taron da hukumar dajin ta kira a zauren ƙauyen da ke gindin dutsen. Wata mata mai ƙaton takalmin hawan dutse ta miƙe ta ce wanda ke son dutse da gaske zai taka da ƙafarsa. Aka tafa mata. Na ce ubana fa, mai gwiwa ɗaya? Wani tsoho ya ce motoci na korar tsuntsaye, mutanen birni kuma suna barin shara, kuma ni ya kalla sa'ad da ya ce birni. Na faɗi maganganun da ba zan maimaita a nan ba. Aka ɗaga hannu, aka kayar da ni, na fito.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Baba ma bayansu yake.

Yaya ta miƙo mini kular abinci a bakin ƙofa. "Ka dawo min da shi before eight, yana da tablets. Kuma please, Bara'u, kar ka yi faɗa da kowa a car park."

A mota Baba ya ce, "Da ni ne mai kula da dajin nan, da tuni na rufe hanyar."

"Baba, saboda kai nake wannan faɗan fa."

"Na sani, Allah ya yi maka albarka. Amma daji yana da masu shi. Mu a Falgore akwai hanyar da muka toshe da hannunmu, kuma ba don masu saran itace ba."

"To don wa?"

Ya juya yana kallon tumaki ta taga. Ni kuma na ƙara taka mota.

Cunkoso ya cinye mana rana. Mun isa sama la'asar sakaliya, babu mota ko ɗaya sai tamu. Muka hau a hankali, sandarsa na ƙwanƙwasa duwatsu. A ƙoƙuwar dutsen ya yi salla, ya daɗe zaune yana kallon kwari da tsaunukan da ke bayansa. Ya san ganin ƙarshe ne. Wannan kallon nasa ya ƙara hura mini wuta.

"Rana ta yi ja," in ji shi. "Mu sauka, ma ci a mota."

"Wallahi a nan za mu ci. Yau ce ta ƙarshe, sai mun zauna mun ci abincinmu a dajinsu, wanda zai mutu ya mutu."

Ya dube ni, ya girgiza kai. Muka ɗan gangaro zuwa wani fa, daidai inda dogayen bishiyoyin nan masu ganye kamar allura suka fara. Na buɗe kula. Dambun shinkafa ne da soyayyiyar kaza, turiri na tashi. Baba ya juya gefe yana wanke hannu da ruwan gora.

A nan na hango mutumin. Yana tsaye a bakin bishiyoyi cikin doguwar koriyar riga, hannuwa a sake, yana kallonmu. Na ce lallai ma'aikacin dajin ne, an turo shi ya kore mu.

A gidanmu ba a cin abinci a gaban mutum ba a yi masa tayi ba, ko maƙiyinka ne. Baba ya dasa mana wannan tun muna ƙanana, har ya zama bakina ke yi ba da shawarata ba. Tayin Bahaushe kuwa kowa ya sani, Bismillah ake cewa. Ni haushi ya hana ni. Na ga ba zan kira sunan Allah ga wanda ya zo korar ubana ba. Na ɗaga murya da Hausa, don na tabbata ba zai ji ba.

"To, mai daji! Tsayuwar me kake? Zo ka ci mana! Kira 'yan'uwanka ma, duk ku zo ku ci!"

Gorar ta faɗi daga hannun Baba.

"Wa ka kira?"

"Ranger ne, Baba, ma'aikacin dajin. Ba ya jin Hausa."

"Ka ambaci Allah?"

Na girgiza kai.

Tumakin da ke kuka a gangare suka yi shiru lokaci guda. Iska ta tsaya. Ruwan gorar yana tsiyaya kan fa, shi kaɗai nake ji. Sai wani wari ya iso, na jiƙaƙƙen bargo da tokar murhun da ta kwana.

Mutumin ya taho. Ƙasan wurin cike yake da busassun ƙirare, amma ko ɗaya bai karye ba.

Ya zauna a gabana ya tanƙwashe ƙafa. Rigar ba ta yadi ba ce, gansakuka ce, da danshinta. Fuskarsa kuwa na kasa riƙe ta. Duk sanda na kalla sai idona ya zame gefe.

"Mun amsa," in ji shi.

Hausa ce, irin ta kakata, wadda rabon da in ji ta tun ina yaro.

Wasu suka fito daga cikin bishiyoyi. Uku. Bakwai. Na daina ƙirgawa. Suka kewaye kular, gwiwar ɗaya na taɓa tawa, sanyinta ya ratsa wandona.

Na fara Ayatul Kursiyyu da ƙarfi. Baba ya damƙe wuyan hannuna.

"A zuci," ya raɗa. "Kai ka kira su. Ba a korar baƙo da loma a hannunsa."

Suka sa hannu. Yatsunsu dogaye ne, gaɓoɓin sun yi yawa. Ba na jin tauna, ba na jin haɗiya. Dambu na raguwa kawai. Kazar ta tafi har ƙashi. Ɗaya ya sa yatsa ya share gindin kular, robar ta yi ƙara.

Abinci ya ƙare. Ba wanda ya tashi.

Rana ta faɗa bayan tsauni.

Na farkon ya juyo gare ni. "Wane ne mai gida?"

Na buɗe baki. Farcen Baba ya shige fatata.

"Ni ne," ya ce. "Wannan ɗana ne, da yawuna ya yi magana."

"Ba mu ƙoshi ba."

"Akwai ƙari a gida."

"Gidan wa?"

"Nawa. Inda nake kwana."

Suka haɗa kai kamar masu shawara. Sannan suka miƙe gaba ɗaya.

"Ɗauki kula," in ji Baba. "Kada ka gudu, kada ka waiwaya."

Muka fara gangarawa. Sandarsa na cewa ƙwas, ƙwas. Bayanmu babu motsi ko kaɗan, amma warin na biye da mu, wani sanyi kuma na hura mini ƙeya.

A rabin hanya gwiwarsa ta ƙi. Na durƙusa na goya shi. Baba ba shi da jiki, na sha ɗaukarsa a matakala. Ranar nan kamar buhun masara biyu aka ɗora mini.

"Baba, ka yi nauyi."

"Tafi kawai."

Ban san yadda na kai mota ba. Na zaunar da shi a gaba, na zaga, na shiga. Ba wanda ya buɗe ƙofofin baya. Duk da haka na ji motar ta nutse ta baya, sau ɗaya, sau biyu, sau uku, har ƙarfen ƙasa ya gogi tsakuwa.

Na murɗe madubi ya kalli rufi.

Mil biyar. Hanyar da na yi wata uku ina faɗa a kanta. Gilas ya yi hazo daga ciki. Baba na jan carbi, leɓɓansa na motsi ba sauti.

A ƙasa, bakin babban titi, muka tarar da ma'aikacin dajin na gaske, wani dattijo mai makullai a hannu, yana jiran ya ja ƙofar ƙarfe. Na sauke gilas. Ya sunkuyo da fara'arsa.

"Last ones down. Everyone all right in there?"

Sai ya leƙa kujerar baya. Fara'ar ta ɗauke. Ya ja da baya taku biyu, ya yi mini hannu in wuce.

Muka isa Handsworth, motar ta daidaita sa'ad da Baba ya fita.

An rufe hanyar a makon, an jera manyan duwatsu a bakinta. Wasu sun sake tara sa hannu don a buɗe, suka aiko mini da takardar, ban taɓa ta ba.

Tun daga ranar Baba ba ya cin abinci da kowa. Sai a kai masa ɗaki, ya ce a ja ƙofa. Tire ya fito kamar an wanke. Yaya ta ninka masa, ya fito haka. Ta ninka sau uku, haka. Shi kuma yana ramewa. Agogonsa ya koma zamewa har gwiwar hannu.

Yaya likita ce, ta kai shi duk gwajin da ake yi. Ta kira ni tana kuka. "Bloods ɗinsa clear, scan clear. Yana cin abincin mutum biyar, Bara'u, and he's starving. Me ka yi masa a dutsen nan?"

Na gaya mata. Wata guda ba ta ɗaga wayata ba, kuma ban ga laifinta ba.

Na samo wani malami daga unguwar Aston mai yin ruƙiyya. Baba ya karɓe shi da mutunci, ya sa aka ba shi shayi, ya sallame shi. Da mutumin ya fita na rufe ƙofa, na yi abin da ban taɓa yi ba, na ɗaga wa ubana murya.

"Kashe kanka za ka yi? Ka bari a kore su mana!"

"A kore su su tafi ina?"

"Su koma dajinsu!"

"Baƙon da aka kora wurin wanda ya kira shi yake komawa," ya ce, a hankali. "Kana da iyali, ga Widad, ga Harun. Ni na ci nawa rabon a duniya. Ranar da na tafi babu mai gida, sai su watse."

Na fita na zauna a mota ina dukan sitiyari. Ina jin haushin matar nan mai takalmi. Ina jin haushin Baba da ya fi ni gaskiya. Na kaina kuwa ba a magana, baki shi ke yanka wuya, nawa kuma wuyan ubana ya samu.

Asabar ɗin da ta biyo na jira aka kai masa abincin rana, na banka ƙofar na shiga. Warin jiƙaƙƙen bargo ya doke ni. Baba na zaune a ƙasa, ya tura tire tsakiyar ɗaki, loma ɗaya ƙarama a tafinsa. Katifar gadonsa ta lotsa a wuri huɗu.

Na riga na shirya abin da zan ce. Ni na kira ku, ku taso mu je Cheetham Hill. Na ja numfashi, na ce, "Ni na..."

Ban ga tashinsa ba. Mutumin da ba ya iya miƙewa sai an kama shi ya kwaɗa mini mari a baki har leɓena ya fashe. Tun da aka haife ni bai taɓa dukana ba.

"Fita," ya ce. Idonsa cike da ƙwalla. "In ka sake shigowa ina ci, ban yafe ba."

Na fita.

Har yanzu duk Asabar ina zuwa Handsworth. In an kai masa abinci sai in zauna a matakala, bayana jingine da bangon ɗakinsa, bakina a rufe. Ina jin cokula na karo da faranti, da yawa, cikin sauri. Cokali ɗaya Yaya ke sa masa a tire.