Makullin Gidan Karantina

Kada wanda ya ce min Othman bai sani ba. Ɗan yayata Saudatu ne, ni na goya shi, na san kansa na ja. Mai haɗa magunguna ne a asibiti, mutumin da ke yi wa masu bin bokaye dariya.

Da aka rushe unguwarmu Karantina, ya kama wa uwarsa ɗaki biyu a unguwar Bani Malik. Abokansa kuwa duk sun koma manyan gidaje. Duk Alhamis a majalisarsu sai ɗayansu, Nawaf, ya ce, "Ya duktur, har yanzu Hajiya na hawa bene huɗu da ƙafa? Yalla, taso mu kai ka inda ake gyara mutane." Sai a kwashe da dariya. Shekara guda yana haɗiye ta.

Wata Asabar da azahar suka kai shi wurin wani boka a unguwar Ammariyya, suka zauna a mota, ya shiga shi kaɗai. Ɗakin ba taga. Ƙwarya ce da busasshen jini, da ƙahon rago da aka cusa wa gashin mutum, ga ƙarni kamar mahauta.

Bokan ya ce, "Makullin tsohon gidanku nake so, wanda uwarka ta adana."

"Na me? Gidan ya zama fili."

"Gida ya tafi. Hannayen da suka riƙe makullin suna nan."

Othman ya gane sarai mutanen gidansa ake nufi, shi ya faɗa min da bakinsa. Har ya miƙe zai fita, sai ya ji Nawaf na danna hon. Ya tuna zai shiga motar nan a ce ya tsorata. Ya koma ya zauna.

"Halas, shi ke nan. Gobe zan kawo."

Kafin Ramadan ya buɗe shagunan magani, ya sayi gida mai lif. Saudatu ta kwana tara a ciki, aka same ta a sandare, hannunta a dunƙule. Sai 'yarsa Hind ta bi ta, wadda a da take wasa da makullin a cinyar kakarta. Matarsa Wafa' tana nan, tana yaƙushin ƙofofi har farce ya cire, wai an kulle ta a waje. Shagunan sun rufe, Othman ba ya gane kowa.

A zaman makokin Hind na ji Nawaf yana cewa, "Wallahi wasa muke, ba wanda ya taɓa shiga ɗakin nan cikinmu."

Wasa! Ku masu kwaɗayin a ce kun isa, ku ji da kyau: masu zuga ku a mota suke tsayawa. Ni kuma na wanke yayata, na wanke jikarta, da waɗannan hannayen.