Kwalbar da Aka Cika da Ruwa

An saci maganin gwaji a sashen ilimin magunguna na makarantar likitoci, kuma ɓarawon ɗan gida ne.

Tun daga bakin ƙofa Sufeto ya gane haka, don ba a fasa kwaɗo ba. Farfesa, dattijuwar da ke shugabantar sashen, ta buɗe firiji ta ɗauko kwalba.

"Na ciwon suga ne, a kan ɓeraye muke gwada shi. An tsiyaye rabi, an cika da ruwa. Dubi yadda ya koɗe."

"Zai sayu a kasuwa?"

"Wa zai saya? Ko suna ba a sa masa ba." Ta rage murya. "Tsorona kada a ce mutum ake ba wa. Sakamakon jiya ya nuna yana sauke suga, amma yana cin hanta. Ban gaya wa kowa ba tukuna."

"To, ci gaba da yin shiru."

Mai kula da ɗakin gwaji ya rantse mabuɗi ba ya barin aljihunsa.

"Har wanka da shi kake yi?"

"Yallaɓai... in zan fita cin abinci nakan bar wa Dakta Dogo. Ofishinsa ne kusa."

Dakta Dogo, malamin da ke koyar da awon magani, ya ce rabonsa da ɗakin ɓeraye tun bara, warinsu atishawa yake sa shi. Sufeto bai yi musu ba. Idonsa na kan na'urar awon suga da ta leƙo daga jakar malamin.

"Suga gare ka, Dakta?"

"Ni? Garau nake. Ta koyarwa ce."

Sufeto ba shi da hujja, ba shi kuma da lokacin nemanta. Wani na can yana kwankwaɗar abin. Ya sa aka tara ma'aikata, ya ce Farfesa ta faɗi sakamakon. Ta faɗa, ta ɗaga hoton hantar ɓera kowa ya gani.

Dakta Dogo ya miƙe, wai zai zagaya. Sufeto ya bi shi, ya same shi a bayan ƙofa da waya a kunne, yana magana da wata a gida.

"Kada ki ba Baba maganin rana! Ki zubar, na ce!"

Da ya juyo suka haɗa ido, bai yi gardama ba.

"Mahaifina ne. An yanke masa yatsa, yanzu ana maganar ƙafa. Na ga yadda ɓerayen suka warware..."

"Kai da ke koya wa yara cewa ɓera ba mutum ba ne? Shiga mota. Gidanku za mu fara."

A motar 'yan sanda aka kai tsohon asibiti. Likita ya ce hantar ta taɓu, amma an zo da wuri, za ta farfaɗo. Farfesa, da ta biyo su asibitin, ta ce aiki bai mutu ba, za ta nemo abin da ke cin hantar ta raba shi da maganin.

Dakta Dogo ya leƙa ta taga ya ga tsohonsa na barci. Ya tuɓe farar rigar da ba zai sake shiga aji da ita ba, ya miƙa wa Farfesa, ya bi Sufeto caji ofis.